Abin da Farfesa Ya Sallami Kawu da Shi

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zuwa bakin kogi kowace Lahadi, amma bai taɓa kama kifi ko ɗaya ba. Ba rashin sa'a ba ne. Bai taɓa riƙe sandar fatsa ba sai don ya miƙa wa mai ita. Shi ne mai tuƙa mota, shi ne mai ɗaukar kujera da kwando, shi ne mai soka tana a ƙugiya, in kifi ya ci kuma shi ne mai naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa ya kwaso shi da raga. Mai sandar wani farfesa ne Bafaranshe a birnin Lyon, kuma a danginmu ba a kiransa da komai sai Farfesa, sai ka ce babu wani a duniya sai shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Daga Damagaram gwamnati ta turo shi karatu tun ban zo duniya ba, Farfesa ne kuma aka ba shi ya duba masa tez, wato babban littafin binciken da ake rubutawa kafin a zama dokta. Tez ɗin bai ƙare ba. Kuɗin karatu ya yanke, har Kawu ya fara haɗa kaya, sai Farfesa ya samo masa ɗan aiki a ɗakin ajiyar kayan gwaji, ya sa masa hannu a takardar zama. Daga ranar nan Kawu ya yanke wa kansa hukunci cewa ya sami ubangida.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce wauta ce, to bari in faɗi inda ta samo asali. Kakana, uban Kawu, baran wani attajirin fata ne. Bai taɓa zama da shi sun yi maganar albashi ba. Ya bi shi Kano, ya bi shi Agadas, ya kwana a bakin kayansa, ya yi masa jinyar uwa. Da lokaci ya yi, attajirin ya kira shi gaban mutane, ya yi masa aure, ya ba shi gida da jari, ya ce je ka, na sallame ka. A cikin gidan nan aka haifi uwata. Bara ba ya tambaya, ba ya tuni, don ubangida yana gani, kuma ranar sallama tana nan zuwa. Wannan karatun Kawu ya ɗauko tun daga zauren ubansa ya kawo wa mutumin da bai ma san ana yin sa a duniya ba. A wajen Farfesa, Kawu wani Ba'afirke ne mai kirki da ke son iskar bakin kogi.

Shekarata ta farko a Faransa a gidan Kawu na yi ta, a wani tsohon bene kusa da unguwar Guillotière, kafin in wuce Paris inda nake aiki har yau. Da idona na gani. Ranar Lahadi matarsa, wadda muke kira Tanti, za ta tashi tun asuba ta turara dambu, don wai Farfesa yana son dambunta. Mace ce da ke yini a tsaye duk mako tana raba wa yaran makaranta abinci, Lahadi ce kaɗai hutunta. Da yamma kwano ya dawo a suɗe, da saƙon wai an gode. Farfesa bai taɓa hawa matakalar benen nan ba, ko sau ɗaya, ko da suna ko da rasuwa. Tanti sai dai ta karɓi kwano ta wanke.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Wata Lahadi na ce, "Kawu, wai biyanka yake yi ne?"

Ya dube ni kamar na tofa masa yawu a riga. Ya ce, "Ɗiyata, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Bai ƙara yi mini magana ba sai bayan kwana biyu.

Aikin kuma bai tsaya a kogi ba. Farfesa yana tara muline. Muline shi ne ɗan injin nan da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, mai hannu da ake juyawa yana naɗe zare. Akwai Turawan da ke tara tsofaffinsu kamar yadda matanmu ke tara kwanon jere, ba don aiki ba, don kallo da alfahari. Farfesa yana da kabad ɗin gilashi cike da su, na tagulla, na katako, wasu sun girmi kakana. Duk ƙarshen wata Kawu zai je ya zauna ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tsumma mai laushi, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar. Ya san kukan kowane in an juya shi. Abin da bai sani ba shi ne kuɗinsu, don a wajensa tambayar kuɗin kayan ubangida rashin kunya ne.

Da Farfesa ya tsufa ya kwanta, ƴaƴansa biyu suna nesa, waya kawai suke bugowa. Kawu ne ya yi masa wanka, ya canja masa shimfiɗa, ya ba shi abinci a baki. A lokacin shi kansa Kawu ya bar aiki, gwiwarsa ta fara ciwo, amma kullum sai ya hau bas ya je. Ana saura ƴan kwanaki Farfesa ya cika, sai ya ce wa Kawu ya sauka ya buɗe bayan mota ya ɗauko masa wata tsohuwar jaka. A ciki akwai wani muline baƙi, mai siffar ƙwan agwagwa, wanda bai taɓa shiga kabad ba. Ya ɗora shi a tafin Kawu ya ce, "Wannan naka ne, abokina. Ka kula da shi." Bayan an binne shi ƴaƴan suka yi wa Kawu musabaha, suka yi godiya mai kyau, suka karɓi makullin gida da na mota. Da mako ya zagayo kabad ɗin ya zama fanko.

Kawu bai yi fushi ba. Murna ma ya yi. Lissafinsa a bayyane yake: babban mutum ba ya sallamar baran shekara talatin da abin banza, saboda haka wannan baƙin shi ne uban duka, kuma shi ya sa aka ɓoye shi a bayan mota cikin tsohuwar jaka, don mai dukiya ba ya ajiye zinarinsa a inda ido ke gani. Ya naɗe shi a safa, ya naɗe safar a zane, ya hana kowa ya ɗauki hotonsa. Ya gaya wa Tanti ta kwantar da hankalinta, gidan da suka fara ginawa a Damagaram ya tsaya ba rufi tun ƴaƴansu na ƙanana, bana za a rufa shi su koma gida. A wurin shan shayin tsofaffi na Guillotière kuwa ya ba da labari har ya gundure su, suka sa masa suna Alhaji Muline. Suna zuga shi suna ƙyafta wa juna ido. Wannan ya ce ai irinsa jirgin sama ake saya da shi, wancan ya ce in an sayar a sa sunansa a layin waɗanda zai kai Makka. Kawu yana murmushi yana cewa Allah ya nuna mana.

Wata rana ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce zai zo Paris, in raka shi wajen wani mai kimanta tsofaffin kayan fatsa, mutumin da Farfesa ya yi shekaru yana hulɗa da shi. Kawu ne ma ke kai masa saƙo gidan waya. Na ce ya turo mini hoto in duba a intanet, minti biyu an gama. Ya ce, "Kayan manya ba a tallarsu a waya. Kuma mutumin ya san ni. Ba zai yiwu Farfesa bai ba shi labarina ba."

Na tarye shi a tashar jirgin ƙasa. Ya sha babbar riga fara ƙal a ƙarƙashin kwat, da hular da yake sawa ranar Salla, jakar kuma a rungume a ƙirji. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suka ba shi wuri ya ƙi zama, wai kada abin ya bugu. 

Shagon ƙarami ne, a wani lungu mai rufin gilashi, yana warin man inji da tsohuwar takarda. Mai shi dattijo ne siriri mai tabarau, mai ladabi irin nasu, ladabin da ya fi zagi ciwo. Kawu ya fara gaisuwa, yana tambayar lafiya da iyali da sanyi, mutumin ya katse shi da, "Me zan yi muku, mushe?" wato malam da Faransanci. Kawu ya shimfiɗa zane a kan tebur, ya warware, ya zare safa, ya ja da baya.

Ni na ga idon mutumin. Ko daƙiƙa bai yi ba ya gama. Amma saboda ya ga furfura da farar riga, sai ya ɗauki abin ya yi masa duk abin da ake yi. Ya juya hannun a kusa da kunnensa. Ya buɗe wayar da ke kama zare ya sake ta ta rufe. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya karanta lambar da ke ƙarƙashin ƙafar. Sannan ya yi mana bayani a hankali, kamar malamin aji. Ya ce abu uku ke sa tsohon muline daraja: a ce kaɗan aka ƙera, a ce yana nan yadda ya fito daga hannun maƙeri ba a canja masa komai ba, kuma in da hali a same shi da kwalinsa da takardarsa. Ya ce wannan kuwa injin kirki ne, ba ya mutuwa, amma masana'anta ta zubo su kamar ƙasa, babu gidan kaka a Faransa da ba za a sami ɗaya a ɗakin tarkace ba. Lambarsa ta nuna na baya-bayan nan ne, ba na fari ba. Fentin ya ɓaɓɓare a gefe, hannun ba nasa ba ne, an canja, ga shi ba kwali. Ya faɗi abin da za a iya ba da shi a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, in an yi sa'a. Bai kai kuɗin tikitin da ya kawo Kawu daga Lyon ba.

Na juya in kama hannun Kawu, sai na ga fuskarsa tana sheƙi. Ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Kin ji ko? Ya fara kushewa. Yana so."

Inna lillahi! Uwata ƴar kasuwa ce, na san abin da yake nufi. A kasuwarmu wanda ya ɗauki akuya ya ce ramammiya ce, haƙorinta ya zube, shi ne mai saye. Wanda ba ya so sai ya yaba ya wuce. Duk aibin da mutumin ya lissafa, Kawu ƙara kuɗi yake yi a ransa.

Ya dubi mutumin ya yi dariyar manya ya ce, "Albarka." Sannan ya fassara masa da Faransanci cewa a'a, ya ƙara dai.

Mutumin ya ce, "Mushe, ba saye nake yi ba. Kun ce in kimanta, na kimanta."

Kawu ya gyaɗa kai irin na wanda ya san wasan. Ya mayar da abin a safa, ya naɗe a zane, bai yi gaggawa ba. Ya ce mini mu tafi. Ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, yana jiran a ce dawo. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya yana gyara hula. Ya duba agogo. Ya yi tari. Mutumin kuwa har ya koma kan wata sanda da yake gyarawa. Na tsaya a tsakiyar shagon ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Da Kawu ya ga shirun ya yi yawa, shi da kansa ya juyo ya dawo gaban tebur.

Sai ya fito da abin da ya ɓoye don ƙarshe. Ya faɗi sunan Farfesa, ya ce nasa ne, da hannunsa ya ba shi.

Nan take mutumin ya ajiye sanda, fuskarsa ta buɗe. Ashe shi ne ƴaƴan suka kawo wa kayan kabad ɗin gaba ɗaya, shi ya shirya gwanjonsu, masu saye har daga ƙasashen waje. Ya shiga yabo. Ya ce a duk shekarun da ya yi a wannan sana'a bai taɓa ganin tagullar da aka kula da ita haka ba, ba a cuɗa ta ta yi ƙyalli ta lalace ba, ba a bar ta ta yi tsatsa ba, kowane inji yana juyawa kamar jiya aka ƙera shi. Ya ce wannan kulawar ce ta ninka musu kuɗi. Kawu ya miƙe wuya, ya gyara tsayuwa, ina jin numfashinsa.

Mutumin ya ce, "Farfesa hannun zinari gare shi. Shi da kansa ya sha gaya mini ba ya barin kowa ya taɓa su."

Kawu ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, "Ni ne mutumin Nijar."

Mai shagon ya dube shi ta saman tabarau, yana ta lalube a ƙwaƙwalwarsa, don Allah ya sani ya so ya tuna. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Ku maƙwabcinsa ne? Ko ku ne mai taksi?" Da ya ga ba amsa, sai ya so ya gyara, ya nuna ƙunshin zanen ya ce kada mu raina shi, duk mai tara muline yana da irin wannan guda a bayan mota, wanda ake ara wa suruki ko baƙon da bai iya ba, in ya faɗa ruwa ba a yi asara ba. Ya ce in Kawu yana da jika, zai yi masa daɗin koyo.

Ban san yadda muka fito ba. A bakin titi na fashe. Na ce Allah ya isa, Allah ya isa tsakaninmu da tsohon nan, ya ci dambunmu, ya ci ƙuruciyarka, ya ci gwiwarka, ko sunanka bai iya furtawa a gaban mutane ba. Mutane suna waiwayenmu ban damu ba.

Kawu ya ce, "Kul! Ba a zagin mamaci." Muka yi tafiya kaɗan. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ciwo ne ya rikita shi. Wani ya yi nufin ba ni, na ɗauko wannan."

Na ce, "Kawu, bai rikice ba. Bai san kana jiran komai ba. Da ka tambaye shi tun farko, da ya ba ka kuɗin awa kamar kowa, ko ya ce ka zauna a gidanka." Gaskiya ce na faɗa, kuma ko yau aka sake zan faɗe ta. Ya sauke jakar daga ƙirji ya riƙe ta a hannu ɗaya kamar ta cefane.

Na ɗauka zai ce in kai shi tasha, sai ya ce mu biya unguwar Château Rouge. Muka shiga shagon wani mai yadi, Kawu ya sa aka sauko masa da shadda mafi tsada, ruwan zuma, ya biya da kuɗin fanshonsa na watan ba tare da ya nemi ragi ba, mutumin da ke ciniki a kan albasa. Na ce ta mece ce? Ya ce tsarabar Tanti, ba a dawowa daga tafiyar arziki hannu rabbana. A bakin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "In ta kira ki, ki ce ba a daidaita ba. Ai ba ƙarya ba ce." Tanti ba ta kira ba.

Bayan ƴan watanni ƙaramar ƴarsu ta haihu, na sauka Lyon suna. Da na ga Kawu sai da na tsorata. Babbar rigar nan tana yawo a jikinsa, wuyansa ya fito. Tanti kuwa ta sha shaddar ruwan zuma, an yi mata ɗinki na gani na faɗa, tana shiga tana fita tana fara'a. Falo ya cika da baƙi, har da tsofaffin wurin shayi.

Ana cikin cin abinci sai ta tsaya a tsakiyar falo, ta tafa hannu ta ce, "Jama'a, ku taya ni roƙon Malam. Dukiya tana kwance a ƙarƙashin katifa, ruwa yana cin gininmu a Damagaram. Ku ce masa ya sayar mana mu tafi gida, tun ƙafa tana ɗaukarmu."

Wuri ya kaure. Tsofaffin suka ce haba Alhaji Muline, ka ji tausayin baiwar Allah mana, rowa ba ta kamace ka ba. Wata mata ta ce ai maza haka suke, sun fi son ƙarfe da mutum. Kawu yana murmushi, gumi yana bin gefen hularsa. Ya ce na Paris ya taya, ya ce masa albarka, yanzu wasu Ingilishi yake jira, irin wannan kaya ba a yi masa garaje. Yana magana yana satar kallona, ni kuwa na kafa ido a faranti.

Babbar ƴarsu ta ja ni gefe ta ce kullum haka ake yi. Da safe in ta ajiye masa koko sai ta tambaya ko Ingilishin sun bugo. Da yamma ta kira magini a Damagaram, ta buɗe muryar waya a gabansa, suna shawarar irin kwanon rufi da launin fenti, ta ce ya dakata kaɗan, Malam na gab da sayarwa. Ta fitar da akwatuna ta jera a ɗaki, ta fara raba wa maƙwabta tukwane. Kawu ya daina barci, ya daina zuwa wurin shayi, likita ya ƙara masa maganin hawan jini.

Raina ya ɓaci. Na ce wannan baiwar Allah tana gina gida a kan iska, tana kashe mijinta ba ta sani ba, gara ta ji ta yi kukanta sau ɗaya a huta. Na bi ta kicin na tura ƙofa. Tana tsaye tana zuba shayi a ƙananan kofuna. Na ce, "Tanti, don girman Allah ki bar maganar mulinen nan. Ina wurin. Ba shi da wata daraja. Ko kuɗin shaddar da ke jikinki bai kai ba, ko kusa."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ɗaga buta sama tana sauke ta, kumfa yana tashi. Ta ce, "Ke yarinya, kin ɗauka jiranki nake ki gaya mini? Tun makon da ya shigo da shi, yana masallacin Juma'a na warware safar, na sa jikata ta duba mini a waya. Ga su nan birjik, kamar tumatir."

 Na ce, "To, Tanti, magini fa? Akwatunan fa?"

Ta ajiye buta. Ta ce, "Cikina na uku, wata bakwai, ranar Lahadi ya zube. Tun safe na ce masa ina jin ciwo, ya ce Farfesa yana jira a ƙofa, ba a barin babba a tsaye. Wata Balarabiya da ke zaune a ƙasan benenmu ce ta ji ihuna ta kira motar asibiti. Namiji ne, na gan shi. Da magariba kawunki ya iso asibiti yana ƙarnin kifi, da wani ƙaton kifi a leda, ya ce Farfesa ya ce a ba ni, wai yana gaishe ni." Ta share hannu a gefen zane. "Ya ce in yi haƙuri, ranar sallama zan ga amfanin komai. To, ga ta ta zo. Ni dai so nake ya buɗe bakinsa ya faɗa mini abin da aka ba shi. Da bakinsa. Ran da ya faɗa na bari."

Na ce, "Ba zai faɗa ba. Kin san ba zai iya ba. Mutuwa zai yi."

Ta ce, "Kowa ma mutuwa zai yi. Buɗe mini ƙofa."

Na buɗe. Tausayinsa ya kama ni, amma wallahi ban iya ganin laifinta ba, kuma na tsani tsohon da ke kwance lafiya a kabarinsa bai san ya bar wuta a gidan nan ba. Ta wuce ni da faranti, ta ratsa baƙi, ta je gaban Kawu ta rusuna kamar amarya, ta miƙa masa kofin farko. Da murya mai daɗi, yadda kowa zai ji, ta ce, "Malam, magini ya ce damina ta kusa. In ce masa wane wata?"

Kawu ya karɓi kofin da hannu biyu, shayin yana zuba a kan farar rigarsa. Ya dube ta, ta dube shi, kuma a nan na gane ya san ta sani. 

Ya ce, "Ki ce masa wata mai zuwa, in Allah ya yarda."